Saniyar da Ta Tsaya wa Namadi Shaida

Zuwa ga Yaya Malami, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da iyali. Mu nan Illo lafiya lau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi, har gidan suna take zuwa da kanta.

Yaya, nemi wuri ka zauna, ni ma da kyar nake riƙe biro don murna: an sako ƙanenmu Namadi! Ka san wata goma sha tara ke nan yana gidan yari ba a ko kira shari'arsa ba, tun ranar da ya koro shanunmu daga kiwon rani a ƙasar Benin, wani mutumin Kaoje ya tare shi ya ce jar saniyarmu Woɗe tasa ce da aka sace. Tsagar kunnen shanun gidansu irin tamu ce, biyu a hagu. Waɗanda suka san gaskiya kuwa suna ƙetaren iyaka, suna tsoron zuwa kotu.

To, yanzu an fito da tsarin da alƙali ke shiga wuraren tsare mutane kowane wata, yana tambayar kowa abin da ya kawo shi. Wata alƙaliya ta duba fayil ɗin Namadi, ta ga takarda ɗaya tal! Ranar Talata ta zauna a Bagudo, ta sa aka kawo saniyar daga hannun Arɗo Na'Allah, inda aka ba da ajiyarta. Ta tambaye shi yadda makiyaya ke raba irin wannan gardama, ya ce kowannensu ya tsaya nesa ya kira saniyar. Mutumin Kaojen ya kira sau uku, Woɗe ko kai ba ta ɗaga ba. Namadi kuwa muryarsa ta dushe. Amma kira ɗaya ya yi, ta taho a guje tana lasar hannunsa. Wallahi na manta a kotu nake, na rangaɗa guɗa! Mutumin ma ya ba ni tausayi, da gaske an yi masa sata, ɓarayin na yawonsu duk watannin nan. Alƙaliyar ta ce a koma nemansu.

Kai da kake cewa saniyar nan ba ta da amfani sai ci, sai ka zo ka ba ta haƙuri. Abu ɗaya ke sosa mini rai: jiya da safe na iske Namadi tsaye a bakin zaure, ƙofa a buɗe, ya kasa fita. Ya ce yana jira ne a ba shi izini. Inna ta kama hannunsa ta fitar da shi. Don Allah ka zo da Sallah, yana tambayarka.

Inna da Namadi suna gaishe ka. Ka gaida Atika da su Saifuddeen.

Taka ƙanwa,
Sabuwa