Babur Ɗaya Tak a Hanyar Bomo

Jushi, Sabon Gari,
Zariya.

Zuwa ga ƙanena Ɗanasabe,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai. Yaya Fatakwal, yaya aiki, yaya fama da ruwan nan nasu da aka ce ba shi da ranar hutu? Allah ya tsare fitarka da shigarka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da zazzaɓin da ya kwantar da kai bara. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Kawu Aaron ya samu masara bana fiye da yadda ya zata, gwiwar ce dai har yanzu take yi masa gardama, shi kuma ya ƙi asibiti, wai man zafi ya ishe shi. 'Yata Peace tana Jos tana karatun jinya, ta shiga shekara ta biyu. Takan kira ni ran Lahadi, minti uku, biyu daga ciki na gaggawa ne. Shagon ɗinkina da ke unguwar PZ yana nan yana tafiya, yanzu ma anko nake yi wa zumuntar mata.

Gidan ne dai ya yi mini girma. Tun da Baban Peace ya rasu, ita ta tafi makaranta, kai kuma ka yi nisa, gwangwanin shinkafa ɗaya nake dafawa, shi ma sai ya yi kwantai. Ɗakinka ina share shi duk Asabar, ban san don wa ba. Kewa tana damuna, Ɗanasabe, ba zan ɓoye maka ba. Za ka ce me ya sa Yaya ta ɗauki biro alhali ga waya. Dalili shi ne maganar da ke bakina ba ta waya ba ce. In na fara muryata za ta karye, kai kuma na san halinka, za ka kashe kafin in kai ƙarshe. Takarda kuwa ko ka jefar da ita don fushi, gobe ka ɗauka ka ƙarasa. Maƙwabcinmu Ejiofor zai je sarin kayan gyaran babur wajenku, shi zan ba ya kawo maka hannu da hannu.

Kada ka yi dariya, amma yayarka da tsufanta ta zama 'yar kallo. Matar Ejiofor, Maman Oluoma, ita ta ga zaman shirun ya yi mini yawa, ta ce in riƙa shigowa ran Lahadi bayan an tashi sujada. Mijinta ya sayo wani fim mai dogon zango na Turawa da aka yi wa fassarar Hausa, muna kallon kashi biyu kowane mako a talabijin ɗinsu, in an ɗauke wuta a tayar da janareta. Sunan fim ɗin ya fi ƙarfin bakina, mu dai 'yan acaɓan Turawa muke ce masa. Wasu ƙarti ne masu gemu da zane a jiki, kowa da ƙaton babur kamar ɗan maraƙi, ba sa ɗaukar fasinja, ba sa zuwa gona, aikinsu fasa-ƙwauri da wasan ɓuya da 'yan sanda. Kowannensu yana da baƙar rigar fata mai tambarin ƙungiya a baya, kuma a wurinsu rigar nan ta fi uwa ta fi uba. Da farko na ce wa Maman Oluoma waɗannan ai wanka suke bukata da wa'azi. Ban ankara ba na fara ƙirga kwanaki kafin Lahadi ta zo.

A cikin labarin, 'yan sanda sun gano maɓoyarsu, sai ƙungiya ta tashi neman wanda ya kai tsegumi. Mu masu kallo mun san ko wane ne. Na hannun daman shugaban ne, ya yi haka don ya fitar da ɗansa daga hannun hukuma. Amma sai zargi ya faɗa kan wani tsohon makanikinsu, mutum mara yawan magana. Suka tara shi a fili, suka cire masa riga suka jefa a wuta, da ya buɗe baki zai yi magana sai kowa ya murɗa babur ɗinsa don kada a ji abin da zai ce. Mai laifin yana tsaye a cikinsu, shi ma ya murɗa nasa. Makonni na yi ina zagin mutumin nan, har ina nuna talabijin da yatsa. Ran nan sai Maman Oluoma ta ce ita ba ta ga laifinsa ba da ya ceci ɗansa, ko ita ce za ta yi. Ta ce abin da ba za ta yafe masa ba shi ne tsayuwar da ya yi yana kallo ana ƙona rigar wani. Ta faɗa ne tana ɓare gyaɗa, ba ta ko dube ni ba. Ni kuwa na ajiye tawa gyaɗar na koma gida.

A makon ne kuma mahaifiyar Friday ta rasu. Na san ka rantse ba za ka ƙara jin sunansa ba, amma ka yi haƙuri ka karanta, ko don kunun da matar nan ta shayar da ku kuna yara. Ka tuna abin da ya faru shekara uku da suka wuce. 'Yan sanda sun dira rumfar nan ta bayan gari inda Mordecai, shugaban tasharku ta 'yan acaɓa a Samaru, yake kwance baburan sata shi da yaransa. Aka kama su, kai kuma ka bar gari a makon don tsoron kada a ambaci sunanka. Sai wani ya ce ya ga Friday, abokinka na ƙuruciya, a ƙofar ofishin 'yan sanda kwana biyu kafin kamen, yana zaune kan babur da rigarsa ta ƙungiya mai lamba arba'in da bakwai. Shi ke nan, aka yanke hukunci. Suka karɓe rigar, suka hana shi layi a kowace tasha daga Samaru har Kwangila. Yau shekara uku buhunan tumatir da albasa yake ɗauka daga gonakin Bomo zuwa kasuwa, kuma in ya wuce babu mai danna masa ham na gaisuwa.

Ka san al'adarku in ɗan ƙungiya ya yi rashi. A ajiye aiki, kowa ya ɗaura ɗanyen ganye a babur, ya kunna fitila da rana tsaka, a raka gawa har makwancinta. Ranar da muka kai Inna, babura sun fi hamsin, kuma Friday ne a gaba yana buɗe hanya, yana kuka kamar shi ta haifa. To ran Alhamis na je Bomo jana'izar tasa mahaifiyar. Motar akori-kura ce ta ɗauko akwatin, mu matan coci muna bayanta a ƙasa muna waƙa. A gaban motar babur ɗaya ne tak. Friday ne a kai, ya ɗaura ganyen darbejiya, ya kunna fitila, yana tafiya a hankali a tsakiyar hanya yana buɗe wa mutanen da ba su zo ba. Da muka wuce ta bakin tasha, suna zaune a inuwa, wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ci gaba da danna waya. Ban iya ƙarasa waƙar ba.

Ɗanasabe, abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Ba Friday ne ya kai ƙara ba. Ni ce.

Ina share ɗakinka na tarar da lambobin babur guda uku a ƙarƙashin katifa, an naɗe su cikin tsohon zanena. Ɗaya daga ciki na gane ta, domin kullum ina ganinta a ƙofar coci. Ta dattijon nan ce mai kaɗa mana ganga, wanda aka sara a kafaɗa aka ƙwace masa babur, har yau hannun bai koma daidai ba. Na san ba kai ka sare shi ba, ajiya aka ba ka. Amma na sha gaya maka zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kana ce mini Mordecai ubangidanka ne, shi ya tsaya maka ka samu riga. Na ga inda hanyar ta nufa: yau ajiya, gobe rakiya, jibi a kira ni in zo in duba gawa. Kwana biyu ina juya abin a raina. A na uku na jefa lambobin a masai, na ƙirƙiro aiken taki na tura ka ƙauye wurin Kawu, na ce ka zauna ka taya shi har ƙarshen mako. Sannan na fito titi neman abin hawa, sai Allah ya kawo Friday. Na ce ya kai ni Samaru, da muka isa na nuna masa ƙofar ofishin 'yan sanda na ce ya tsaya. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce zai jira ni, don rana ta yi zafi kuma ba zai bar Yaya ta tsaya neman wani babur ba. Jiran nan da ya yi mini shi ne duk laifinsa.

Da aka fara kiransa maci amana na yi shiru. Na ce wa kaina ƙura ce, za ta lafa. Da ka kira ni daga tashar mota kana zaginsa, kana cewa ya sayar da ku, na buɗe baki sai tsoro ya kama ni, domin kai kaɗai ka rage mini a ɗakinmu, na kasa jure ka tsane ni. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, na shige ɗaki na rufe ƙofa, ruwan ya sauka a kan ɗan mutane. Shekara uku ina zuwa sujada, ina ɗinka wa mata anko, ina zagin wani Bature a talabijin a kan abin da ni ma na aikata.

Bayan an rufe kabari na sami Friday a gefe yana kwance ganyen daga babur. Na ce masa me ya sa bai taɓa faɗa ba, alhali kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa. Ya ce ɗan acaɓa ba ya faɗin inda ya kai fasinja, haka aka koya musu tun ranar da aka ba su riga, ko da waɗanda suka koya masa sun manta. Ya ce kuma a lokacin idon yaran Mordecai ya rufe, da sun san mace ce da ba ta da mai tsaya mata a Jushi, da ba riga za su karɓa ba. Sai ya ƙara da cewa shi ya rasa aboki, bai ga amfanin kai ma ka rasa yaya ba. Ya faɗi haka ba fushi ba gori, har yana tambayata ko na samu abin komawa gida. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ban ce na yi nadamar zuwa wurin hukuma ba. Ko yau aka maimaita zan sake, domin gara kana Fatakwal kana fushi da a ce kana kurkuku ko kabari. Shirun da na yi ne nake jin kunyarsa a gaban Allah. Ran Asabar mai zuwa 'yan tasharku suna da taron wata a gindin mangwaron nan, kuma zan je. Na gaya wa Fasto, ya ce zai raka ni, Ejiofor ma ya so zuwa amma tafiya ta hana. Zan tsaya in faɗi abin da na rubuta maka, in roƙi a mayar wa Friday rigarsa. Mordecai ya fito daga kurkuku tun Ista, an ce yana nan yana yawo a gari, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa ba na tsoro ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In sun ga dama su murɗa babura don kada su ji, zan jira har mai ya ƙare.

Kafin takardar nan ta iso hannunka an riga an yi an gama, saboda haka ba izini nake nema ba. Ban kuma ce lallai ka yafe mini yanzu ba. In ka ɗauke mini wuta zan fahimta, zan ci gaba da share ɗakin. Fim ɗin ma na daina zuwa kallo, saura kashi huɗu, Maman Oluoma tana ta aike, na ce mata sai na dawo daga Samaru tukuna.

Kawu Aaron yana gaishe ka, ya ce gonarka ta gado tana nan ciyawa na ci. Peace ta ce in gaya maka kawun da ba ya kira ba ya cin tukuicin aure. Maman Oluoma da Fasto da matan zumunta duk suna gaisuwa. Ka gaishe mini da mai gidan da kake zaune da iyalinsa, Allah ya saka musu da alheri. Friday bai ba ni saƙo ba, ni ma ban nema ba. Na dai tambaye shi lambarsa don in rubuta maka, sai ya ce ba sai na rubuta ba, ka san ta. Sau biyu wayarsa tana ɓacewa a shekarun nan, sau biyu yana zuwa a dawo masa da tsohon layin, wai kada wata rana ka kira ka ji a kashe.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarka,
Doguwa.