Kalma Biyu da Jan Biro

Gwaggo mai fili, don Allah ki taimake ni, wani tsoho ya kai ni bango. Ɗalibi ne ni, ina digiri na biyu a kimiyyar lissafi da ƙwayar zarra, saura sati uku in kare bincikena, amma malamin da ke duba aikina ya ƙi sa hannu.

Aikin kan ƙarfin da ke riƙe furoton da niyutoron ne a tsakiyar ƙwayar zarra. Shi wannan tsoho tun yana saurayi ya maƙale wa bayani ɗaya: wai su biyun suna jefa wa juna wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira mezon, kamar masu ƙwallo, jifar ce ke haɗa su. Mara nauyi, fayon, tana jawo su daga nesa. Mai nauyi, omega, tana ture su in sun matsu da yawa. Duniya ta wuce nan, Gwaggo, akwai sababbin hanyoyi, amma shi yana nan cikin ofishinsa mai warin tsohuwar takarda, fanka na kuka, allo cike da rubutun da ya hana a goge tun kafin a haife ni. Ko kwamfuta da yatsa ɗaya yake danna ta.

Na bi shi a haka. Da na ga lissafin yana cin kwana biyu a kwamfutata, sai na cire omega, tunda ba ta zuwa nesa, me za ta tsinana? Sakamako ya fito shirme, ƙwayoyin suka manne fiye da abin da aka auna nesa ba kusa ba. Na tsaya gaban dukan sashe na ce ga shi, hanyar Malam ta mutu. Wasu har dariya suka yi. Malam kuwa yana zaune a wurin. Washegari ya maido mini aikin, shafi tamanin, bai gyara ko waƙafi ba, sai kalma biyu da jan biro: “Ina omega?” Wannan ba tsufa ba ne? Na rubuta takardar ƙorafi ga shugaban sashe a canja mini shi. In miƙa?

Wanda Ya Gaji da Tsoho

Amsa:

Ɗana, ni ban san mezon ba, ko a hanya muka haɗu. Amma na iya karatu, kuma wasiƙarka ta tona maka asiri. Da bakinka ka ce omega ce ke ture su in sun matsu. Ka cire ta don kwamfutarka ta huta, suka manne, sannan ka hau mumbari kana shelar hanyar Malam ta mutu. Kai ka cire birki, motar ta daki bango, ka ce maƙerin ne bai iya ba. Na karanta wa ƙanwata mai koyar da kimiyya, ta yi dariya har da hawaye, kuma ba tsohon take wa ba.

Ban ce ba ka da gaskiya ko kaɗan ba. Sababbin hanyoyin suna nan, kuma malamin da zai ba ɗalibi kalma biyu a kan shafi tamanin ya yi rowar baki. Amma ka tuna yana iya faɗin kalmomin nan a gaban masu dariyar, ya wanke ka tas. Ya haɗiye, ya rubuta maka a ɓoye.

Kada ka miƙa takardar. Shugaban sashe zai buɗe aikin, shi ma tambayar da zai yi ke nan, kuma shi a fili zai yi ta. Ka maida omega yau, ka bar kwamfutar ta ci kwana biyunta, ka kai wa Malam sakamakon da hannunka. Haƙuri kuwa, inda ka yi cin fuskar can za ka ba shi, gaban dukan sashe.

Allah ya ba ka sa'a, ya kuma ba ka ɗalibi irinka wata rana.