Sunan da Umma ta ƙi faɗa

Bosso, Minna

Zuwa ga Kawu Maiwada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a can Fatakwal, Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan kowa kalau, Baba ya koma kasuwa. Ni ce dai raina a ɓace yake, kuma kai kaɗai ne wanda ƙanwarka Umma take jin maganarsa.

Kawu, ka san shekara shida ke nan ina zane. 'Yan matan da nake gani suna sauka daga Keke Napep a ƙofar jami'a nake zanawa, da atamfa da kambas da ƙaton tabarau irin na mawaƙa, ɗaurin ɗankwali kamar zai taɓo rufi. Ina sa su a shafina na intanet mai suna Matan Bosso, teloli suna ɗauka suna ɗinkawa. Wautata ita ce ban taɓa rubuta sunana a jikin ko ɗaya ba. Kuma da yake ƙanwata Rahmatu ce ke tsaya mini in zana, rabin fuskokin nata ne.

Watan jiya wani Eric ya zo gidanmu daga Legas da kyamara, wai za su yi baje kolin masu zane, suna neman mai shafin. Ranar na tafi harabar jami'a ta Gidan Kwano kai wa wasu ɗalibai aiki. Ya tambayi Umma wace ce mai zanen, ta ce ta gidan nan ce. Ya nemi suna, ta sunkuyar da kai, don ni ce 'yar fari, kunya ba za ta bar ta ba. Sai ta ƙwala wa Rahmatu kira ta zo ta ji da baƙi, tunda tana jin Turanci. Mutumin Legas ina ya san wata kunyar ɗan fari? Ya ji uwa ta kira suna, ya ga fuskar da ke cikin zanen, ya kunna kyamara. Ita kuwa gimbiya ta gyara ɗaurinta ta zauna.

Bidiyo ya fita da sunanta, takardar gayyata zuwa Legas ma ta zo da sunanta. Da na tsare ta, cewa ta yi ai ba ta ce ita ta zana ba, tambayarta aka yi ta amsa, kuma ai tare muke yi. Tare! Yarinyar da ko da'ira ba ta iya ja ba sai ta kifa kofi. Na kira Eric na tura masa zanen tun daga ɗanyensa. Ya ce shi ya yarda, amma masu shirin ba sa shiga rigimar 'yan'uwa, sai dai uwarmu ta faɗi sunan mai zanen da bakinta a ɗauka a waya. Ranar Juma'a za su buga sunaye.

Na durƙusa gaban Umma da waya a hannu, na roƙe ta. Ta kalli bango ta ce, "Waccan ce." Na sake ɗauka, ta ce, "Babbar." Na uku ta ce in tashi mata daga gaba, ba a haka aka rene ta ba. Kawu, shekarata ashirin da bakwai ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ban kuma taɓa jin haushi ba, na ɗauka ƙauna ce. Yanzu ina jin haushi, har na daina buɗe kwamfutar zanen.

Don Allah ka kira ta kafin Juma'a. Ba na so ta yabe ni, ba na so ta tsawata wa kowa, sau ɗaya kawai ta faɗa. Jiya na same ta a kicin tana yin dambun nama na guzurin Legas, na tambaye ta na wane ne. Ba ta ɗago ba ta ce, "Na mai tafiya."

Ka gaishe mini da Anti Aishat da su Sharif, Allah ya bar zumunci.

Taka,
Zulaiha