Littafin Hawan Dutsen Da Na Ba Matar Ƙanena

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Wanda kuma ya san zagi ne a bakinsa ya riƙe abinsa, shawara na zo nema, kunyar da nake ji ta ishe ni.

Ni 'yar Maraɗi ce, na daɗe a birnin Greensboro, nan ƙasar Turawa, ina aikin kula da tsofaffi. Ƙanena, bari in kira shi Sani, ni na yi ɗawainiyarsa har ya zo ƙasar nan, a ɗakina ya zauna yana cin tuwon hannuna. Sai ya auri wata yarinya, zan ce mata Rabi. Iyayenta 'yan Damagaram ne amma nan aka haife ta, ka yi mata Hausa ta amsa maka da Turanci. Kuma ba ta da abin so a duniya kamar hawan dutse. Mace da aurenta, ta ɗaura igiya a ƙugu tana lilo a jikin dutse kamar ƙadangaruwa! Ba ta tsaya a kanta ba, ta ja mini Sani. Yaron da duk Asabar yana gidana, yanzu in na kira sai ya ce, "Yaya, muna kan dutse, zan kira ki." Wa ya raine shi, ni ko dutse?

Ranar wani suna a Pleasant Garden na ce mata a gaban mata, yaushe za ta bar wannan shirmen ta zauna a ɗakinta? Ta yi dariya ta ce, "Anti, ke ma ki zo mu je, zai rage miki stress." Mata suka kwashe da dariya. Ni za a mayar abin dariya? Na ƙulle abin a raina.

Da birthday ɗinta ya matso, Sani ya roƙe ni. "Yaya, ki saya mata kado, 'yar kyauta, ko littafin hawan dutse ne, ta san kin karɓe ta." Na ce to. Na tafi wani shagon tsofaffin littattafai a Glenwood. Mai shagon wani dattijon Bature ne, ashe shi ma ya yi hawan dutse a ƙuruciyarsa. Ya kai ni gaban kanta ya yi ta bayani. Ya ce iri biyu ne. Akwai na labaran waɗanda suka hau manyan duwatsun ƙanƙara, wannan na karatun jin daɗi ne. Akwai kuma na jagora, mai hoton fuskar dutse da layuka, yana nuna inda ake bi a hau, wahalar kowace hanya, inda aka kafa ƙarfen ɗaura igiya, da inda ake sauka. Na faɗa masa dutsen da suke shirin zuwa, can yamma. Ya zaro guda biyu, sabo da tsoho. Ya ɗora yatsa a kan tsohon ya ce kar in ba mai hawa wannan, na ajiya ne kawai, domin wani ɓangaren dutsen ya zube, hanyar saukar da ke ciki ba ta nan yanzu. Har sau biyu ya maimaita mini.

Tsohon na saya. Na haɗa da na labaran ƙanƙara ɗaya mai bango mai kyau, na naɗe su a takarda mai sheƙi. Wallahi ban yi nufin jinin kowa ba. So nake su ɓata a hanya, su sha rana, su dawo da faɗa, girman kanta ya faɗi. Ta buɗe kadon ta rungume ni tana cewa, "Anti, you get me!" Ni kuwa ina murmushi.

Sun je. Sun hau lafiya. Wajen sauka suka bi abin da littafin ya nuna, suka tarar babu hanya, Sani ya ce bari ya leƙa ƙasa kaɗan, ƙafarsa ta zame. Ba ita ta faɗi ba, jama'a. Ƙanena ne. Ƙugunsa ya karye, an sa masa ƙarfe, har yau da sanda yake zuwa bayi, aikinsa na tuƙin babbar mota ya tsaya.

Kun san abin da na yi a asibiti? Ni na fi kowa ɗaga murya. Na ce mata, "Ke kika kai shi, ga shi kin nakasa mana yaro." Na kira mahaifiyarmu a Maraɗi na zuba mata nawa labarin, yanzu Hajiya ba ta ɗaga wayar Rabi, kullum maganarta ita ce Sani ya rabu da ita in ya warke.

Ita kuwa ta rame, ita ke masa wanka, ita ke kai shi gashin ƙashi. Daga baya ta gano littafin tsohon bugu ne. Sani ya yi mini wani irin kallo, amma ta tare ta ce, "Anti ba ta san komai a kan climbing ba, laifina ne da ban duba shekarar ba." Kun ji? Ko a wajen kare ni sai ta mayar da ni jahila. Na san bai kamata ba, amma tun ranar na ƙara jin haushinta.

Yanzu ta ce mai shagon ne ya cuce ni, ya sayar wa wadda ba ta sani ba littafin da zai iya kashe mutum. Ta rantse Asabar ɗin nan sai mun je tare, da Sani a mota, ta faɗa masa a idonsa. Dattijon nan ba zai manta ni ba, mun daɗe muna magana. In na ƙi zuwa, Sani zai gane. In na je, Bature zai faɗa. In na riga su faɗa, na rasa ƙanena, kuma in durƙusa wa yarinyar nan in nemi gafararta, abin da ko a mafarki ban taɓa kawowa ba.

Asabar jibi ce. Ku faɗa mini, me zan yi?