Gidan Tsohon Duba-gari

Litinin, 1 ga Yuli, 2024

Famfo ya kawo ruwa yau, karon farko cikin kwana tara. Na cika duro uku da galan shida, kowanne na rufe shi ruf. Na share kwata tun daga bakin wurin wanka har titi. Maƙwabcina na hagu ya bar tsohuwar taya a bayan katanga, ruwan sama ya taru a ciki, tsutsar sauro sai wasanta take. Da ina bakin aiki da ya sha sammaci. Shekara talatin da ɗaya na yi ina duba-gari a Tamale, ni na yi ritaya amma idona bai yi ba.

'Yata Naila ta bugo waya. Likita ya ce farkon Agusta, in Allah ya yarda. Na ce mata bayan suna gida za ta zo wanka, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Uwarta ba ta da rai, amma gidan ubanta yana nan, kuma ƙanwata Abida ta yarda za ta taso daga Zogbeli ta zauna da ita kwana arba'in. Ta ce, "To, Baba." To ɗin bai yi min ƙarfi ba.

Alhamis, 4 ga Yuli

Hajiya Lariba, uwar mijin Naila, ta zo daga Kalpohin, wai gaisuwa. Gaisuwa ce mai ido a buɗe. Na san irinta, ai sana'ata ce. Na ba ta kujera a falo, na kawo mata ruwa a kofin silba. Ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, ta ajiye kusa da ƙafarta. Har ta tashi ko kurɓa ba ta yi ba. Aka kira La'asar na shimfiɗa mata darduma, ta ce bari dai ta ƙarasa gida, hadari ya haɗo. Na dubi sama, tas take.

Da ta tafi na leƙa makewayi, fes. Kwata, fes. Duro, ko tsutsa ɗaya babu. To me matar nan ta gani?

Asabar, 6 ga Yuli

Ga abin da ta gani, ko dai ga abin da ta yanke. Naila ta ce, "Baba, Hajiya ta ce in yi wanka a wajenta kawai, tun da Mma ba ta nan." Na ɗaga mata murya, abin da ban saba ba. Ta fara cewa ai jariri ba ya son… sai ta haɗiye sauran. Na ce ba ya son me? "Ba komai, Baba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Jikana na fari. Kuma a duk unguwarmu ta Dabokpa a ce gidana ne ba a yarda a kawo jariri ba. Ni da mata ke jin ƙarar babur ɗina su ruga su kifar da randa.

Lahadi, 7 ga Yuli

Na sake wanke makewayi, ko da yake jiya na wanke.

Laraba, 10 ga Yuli

Na yi ta tunani. Wata goma sha huɗu ke nan da rasuwar matata Mariyatu, kuma tun bayan zaman makoki duk mai zuwa wurina a bencin ƙofar gida yake tsayawa. Na ɗauka kara ce ake yi wa gidan da babu mace. Kwanakin baya liman ya shigo ya nemi buta, na miƙa masa, ya juya ta a hannu, sai ya tuna wai yana da alwala. A lokacin ban kawo komai a raina ba.

Asabar, 13 ga Yuli

Wumpini ya zo. Shekara ashirin muka yi tare, shi da littafi, ni da tocila da ludayin duba ruwa. Badagombe ne, kuma ba ya tauna magana. Na ce ya duba min gida kamar yadda muke yi a da, kada ya ji nauyina. Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya tashi. Ya bi kwata, ya shiga makewayi, ya buɗe kowane duro, ya leƙa kwandon shara.

"Ofisa Awudu, ka ci," in ji shi. "Babu sammaci."

Na ce to ka gani!

"Tsaya tukuna. Zo zauna nan."

Ya zaunar da ni a kujerar da Hajiya Lariba ta zauna, ya shiga kicin ya kawo min ruwa a wannan kofin. "Yanzu kai baƙo ne. Amaraba. Sha."

Ban sha ba. Bakin kofin na da zoben shayi da ya yi baƙi, hannunsa yana kama yatsa saboda maiƙo. Ɗauraye shi nake yi kullum, ashe ba wankewa ba. Daga inda nake zaune na hangi kwano biyu a ƙarƙashin tebur da busasshen tuwo, ban ma san na wace rana ba ne, kiyashi sun yi layi. Mazaunin kujera ya yi ƙyalli don dauɗa, wurin jingina kai ya yi baƙi. Yanar gizo-gizo a kowace kusurwa. Asuwakin da na tauna guda biyar a kan taga, kusa da su ga farcen da na yanke. Na jawo darduma na sunsuna, warin danshi. Bakin buta kuwa kore shar da gansakuka.

Wumpini ya ce, "Mu a tsaye muke shiga gidan mutane. Wa ya taɓa ba mu kujera? Baƙo kuma a zaune shike gani."

Gaskiya ya faɗa. Shekara talatin da ɗaya babu gidan da aka ce min zauna, balle a kawo ruwa. Abin da doka ta rubuta shi nake dubawa, doka kuwa ba ta ce komai a kan kofi ba. Sauran duk Mariyatu ce ke yi, ban taɓa sanin ana yi ba.

Da ya tsaya nan da mun rabu lafiya. Sai ya nuna ƙofar ɗakinta. "Wannan ɗaki shina wari, Ofisa. Tun daga ƙofar gida ana ji. Kai hancinka ya saba."

Na ce ɗakin nan ba ya cikin dubawa.

"A wane gida ka taɓa yarda da wannan magana?"

Na ce ya tashi ya ba ni wuri. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Lahadi, 14 ga Yuli

Na tsaya a ƙofar ɗakin na shaƙa sau uku. Ban ji komai ba.

Talata, 16 ga Yuli

Na wuni a Zogbeli wurin Abida. Na gaya mata abin da Wumpini ya yi min, ina jiran ta taya ni faɗa. Sai ta sunkuyar da kai. "Yaya, ai kowa ya sani. Amma wa zai gaya wa duba-gari gidansa na wari?"

Da na dawo da yamma, ina tura ƙofa wari ya buge ni. Ruɓaɓɓiyar daddawa, ƙarnin kifi, fitsarin ɓera, duk a haɗe. Na koma benci na zauna, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. A cikin wannan na zaunar da surukar 'yata, har ina ba ta ruwa.

Alhamis, 18 ga Yuli

Kwana biyu ina aiki. Kofuna da toka da soso. Buta na sayi sabuwa. Darduma da labule da rigunan kujeru na wanke na shanya. Na kakkaɓe yana, na goge fanka, ruwan ya fito kamar na rini. Bayana ciwo yake.

Ɗakin ban taɓa ba. A ciki Mariyatu take ajiye kayan sana'arta, daddawa da busasshen kifi da man kaɗe. Ranar da muka tafi asibiti ni na kulle shi, makullin yana aljihun tsohon kakina. Na toshe ƙasan ƙofar da tsumma.

Litinin, 22 ga Yuli

Naila ta zo a yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, da ƙyar take ɗaga ƙafa. Ta dubi falo ta yi murmushi, na ji daɗi. Sai ta ce, "Baba, in na zo a ina zan kwana?" Na ce ɗakina, ni in dawo falo. "Ni da Gwaggo Abida da jariri? Ɗakin Mma fa?" Na ce a bar shi yadda yake.

Ta daɗe tana kallon tsumman da na toshe ƙofa da shi. "Ni ma uwata ce, Baba. Amma ɓeraye ne a ciki, ba ita ba."

Tana faɗa ta fashe da kuka, ta yi ta ba ni haƙuri. Na raka ta bakin titi. Ban taɓa jin zafin magana kamar wannan ba, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Asabar, 27 ga Yuli

Na buɗe, bayan sallar Asuba da gari ya waye.

Kwanon rufi ya yi yoyo ta kusurwar gabas. Buhun kalwa ya jiƙe ya ruɓe. Kwandon kifi ya zama gari. Ɓeraye sun haihu a cikin katifa. Gara ta cinye ƙafar gado ɗaya. Zannuwan da ke cikin akwatin ƙarfe ne kaɗai suka tsira. Da gidan wani ne da na rubuta cewa bai dace ɗan Adam ya zauna kusa da shi ba, kuma da na rubuta ba tare da na ji komai ba.

Takalmanta na bakin gado. A kan kujerar tsuguno ga kofin kokonta da cokali a ciki. Ta sha rabi ta ce in mun dawo daga asibiti za ta ƙarasa.

Wajen ƙarfe tara sai ga Wumpini da shebur, ban kira shi ba. Abida ce ta tsegunta masa, na sani. Bai yi zancen ranar nan ba, ni ma ban yi ba. Motokin, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, ya yi sawu biyu zuwa juji. Kofin ni na wanke da hannuna. Duk aikin yau babu wanda ya kai shi wuya.

Laraba, 31 ga Yuli

An gyara kwano, an shafa fenti, kafinta ya sa wa gado ƙafa, an kawo sabuwar katifa. Taga a buɗe kwana huɗu.

Yau na tafi Kalpohin da kaina. Kwatar gidan Hajiya Lariba a toshe take, na gani tun daga nesa, na kama bakina. Amma falonta na ƙamshin turaren wuta, kofinta har ɗaukar ido yake. Na sha ruwa, na ƙara. Na ce, "Hajiya, ranar nan kin zo ban karɓe ki yadda ya kamata ba."

Ta ce, "Malam Awudu, ba raini ba ne. Rashi ba wasa ba ne, na sani. Ni jaririn nake ji wa tsoro."

Na ce ta zo ta duba.

"Ni in duba duba-gari?" Ta yi dariya. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Talata, 6 ga Agusta

Namiji. Uwa da ɗa lafiya. Alhamdu lillahi.

Talata, 13 ga Agusta

An yi suna a Kalpohin. Abdul-Waris. Babu wanda ya ta da zancen wanka, ni kuma ban tambaya ba. Na dawo na share ɗakin da ba mai kwana a ciki.

Alhamis, 15 ga Agusta

Da hantsi mota ta tsaya a ƙofa. Hajiya Lariba ta fito ita kaɗai, ta bar Naila da yaro a ciki. Muka gaisa a tsaye. Ta wuce ɗakin kai tsaye, ta ɗaga katifa, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, ta shafa taga da yatsa ta duba. Ina biye da ita kamar matan da nake tsayawa a kansu a da. Yanzu na san yadda suke ji.

Ta leƙa waje ta ce wa direba, "Sauke kaya."

Talata, 20 ga Agusta

Gidan nan ya lalace. Ruwan wanka kwance a tsakar gida. Ganyen darbejiya ya toshe kwata. Toka da guntun itace ko'ina, tun da Abida ta ce ruwan mai jego ba a dafa shi a gas. Tsummokara a igiya har kan babur ɗina. Kwanonin kunu a bakin ƙofa, ƙuda na bi. Masu barka sun cika falo, wata ma ta shimfiɗa zane tana barci, yaranta sun watsa ɓawon gyaɗa ƙarƙashin kujera. Duro ɗaya a buɗe tun safe. Laifi huɗu na gani wanda kowanne ya isa sammaci.

Na shiga ɗakin zan yi magana, Abida ta ce, "Yawwa, Yaya, riƙe min shi," ta ɗora min yaron. Sai na samu kaina zaune a bakin gadon. Bai fi tulun man kaɗe nauyi ba. Ya yi min tumbuɗi a kafaɗa, a kan farar rigata. Naila ta ce in cire a wanke. Na ce anjima. Ga La'asar ta wuce tana jikina.

Duron dai na rufe, ba zan bari sauro ya taɓa yaron nan ba. Kwata kuma sai gobe. Ko jibi, in baƙi sun ragu.