Sunan da Masi Ta Ƙi Canzawa

Mubi, daren Alhamis, Maris 2016

Na gaji liƙis, amma farin ciki ya hana ni barci.

Ɗalibata Masi ce ta zo ta ɗaya a gasar gajeren labari ta makarantarmu. Ta rubuta labarin wata yarinya da ta gudu daga garin Muchalla da ƙafa lokacin da 'yan bindiga suka shigo, kuma ta sa mata sunanta, Masi.

Shugaban makaranta ya kira mu ofis. Ya ce labarin ya yi, amma a canza sunan yarinyar zuwa Maryam kafin a karanta a asambili, tunda Kirista da Musulmi duk suna da Maryam, kada a ce ana ƙabilanci. Na ɗauka za ta yarda, don na san yaranmu ba sa musu da babba.

Masi ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. A wurinmu Kamwe, suna yana bin haihuwa ne. Tizhe sunan ɗan fari ne, Masi kuwa sunan 'ya ta biyu. Idan na cire, kamar na ce yayana Tizhe bai taɓa zuwa duniya ba."

Tun ranar da su Masi suka gudu daga Muchalla ba wanda ya sake ganin Tizhe. A dā a ajina yake zama, kusa da taga.

Shugaba ya daɗe yana goge tabaransa, sannan ya ce a bar sunan yadda yake.

Wallahi ko 'yar cikina ce, iyakar alfaharin da zan yi ke nan. Gobe duk wanda ya ji an ce Masi, zai san akwai na fari.