Notin Da Surukina Ya Murɗa

Malam Audi, salamu alaikum. Don Allah ka agaje ni kafin in yi aika-aika, yau kwana huɗu ko abinci ba ya shiga cikina.

Ni malamin dabbobi ne a Dutsin-Ma. Bara ofishinmu ya ba ni babur sabo fil, irin na Japan ɗin nan da suka soma shigowa, ina bin ruga-ruga da shi ina yi wa shanu allurar rigakafin cutar bushiya. Wata uku da suka wuce injin ya fara wata ƙara, kacau-kacau, kamar tsakuwa a gwangwani. Na san sarkar da ke can cikin inji ce ta saki. Na ce sai na sami sarari in kai shi Katsina, sararin kuwa bai zo ba.

Ran Juma'a na biya Kurfi gaida surukina, uban matata Rekiya. Maƙeri ne, yana ɗan taɓa gyaran keke, kuma a ganinsa babu ƙarfen da ya fi ƙarfinsa a duniyar nan. Ina durƙushe kaina a ƙasa ya ce tun daga bakin kasuwa ya jiyo ƙarar babur ɗina. Kafin in ɗaga ido ya ɗauko sifana ya tsuguna. Akwai wani ɗan noti a gindin inji, shi ke ɗame sarkar nan. Malam, ina kallo ya kama shi ya murɗa, ya murɗa, har da tokarewa da ƙafa, sai ka ce mai ɗaure kaya a bayan jaki. Ni da ko sunansa ban taɓa kamawa ba, da wane baki zan ce ya bari? Aka tayar, ƙara ta ɗauke, maƙwabta na ta sa masa albarka, shi kuma yana shafa gemu. Wai har godiya na yi!

Washegari na ɗauki allura na nufi Barkiya, inda Ardo Yero ya tara mini shanu. Ina tsakiyar daji inji ya yi wani kuka siriri, ya yi ƙwas, ya mutu. Sarka ta tsinke a ciki. Na yi ta turi cikin rana, ƙanƙarar da ke sanyaya allurar ta narke, allura ta lalace. Makiyaya suka jira har la'asar suka kora shanunsu. Mutanen da na yi wata biyu ina lallashi kafin su yarda a taɓa musu dabba! Yanzu Ardo ko gaisuwata ba ya amsawa.

Shugabanmu ya ce kafin ƙarshen wata in kawo masa a rubuce wanda ya taɓa injin, ko in ajiye aiki. Ni dai na riga na rubuta sunan tsohon nan har da unguwarsa, a kai shi gaban alƙali ya gane inji ba fartanya ba ne. Rekiya ta ce ranar da takardar ta fita gidan nan ita ma ta fita. Haushin da ya fi ci na, surukin nawa ko sannu bai aiko ba, yana can yana fariya ya gyara babur ɗin gwamnati. In miƙa ko kar in miƙa?

Mai Ɓacin Rai, Dutsin-Ma.

AMSA

Wa alaikumus salam. Ajiye takardar nan tukuna, ka sha ruwa.

Ba zan wanke surukinka ba, ya yi karambani. Notin nan ba ƙarfi yake so ba. Ana sassauta makullinsa ne, a murɗa shi kaɗan-kaɗan inji na aiki, da ƙarar ta ɗauke sai a tsaya a kulle. In aka ji inji ya koma kuka siriri, to an wuce, a mayar baya. Duk ranar juye baƙin mai a kasa kunne a duba shi.

Amma kai fa? Wata uku kana jin kacau-kacau, aikin da bai kai ɗaurin rawani daɗewa ba ka yi ta ɗage shi. Kunyar suruki tarbiyya ce, na yaba maka. To da ka fita bayan gari, me ya hana ka tsaya gindin bishiya ka sassauta abinka? Wa zai gan ka? Shi bai san ya yi ɓarna ba, kai ka sani, ka kuma hau ka tafi da allurar shanun mutane. Ina ma zaton har yau ba wanda ya gaya masa, shi ya sa ba ka ga sannu ba.

Ka aiki baffan Rekiya ya faɗa masa cikin mutunci. Ka ari keke ka je wa Ardo da goro ka ba shi haƙuri, ku sa wata rana, don bushiya ba ta jiran ku shirya. Sannan ka rubuta wa shugabanku gaskiya: ka yi sakaci da ƙara, ka bar wanda ba makanike ba ya taɓa inji a gabanka. Ba na yi maka alkawarin ba za a hore ka ba, amma shugaba ya fi riƙe wanda ya ɗauki laifinsa. Kai aka damƙa wa babur, saboda haka suna ɗaya ne zai shiga takardar nan, naka.

Allah ya tsare maka aikinka da gidanka, ya huci zuciyarka.

Malam Audi